Awa Ɗaya da Rabi Daga Ikko

Assalamu alaikum. Sunana Rabi, a Gummi aka haife ni, a nan kuma nake aure. Shekara biyu ke nan da rasuwar mahaifiyarmu, sai yanzu na iya zama in rubuta yadda jinyarta ta kasance. Ban rubuta don in ɗora wa kowa laifi ba. Na rubuta ne saboda gidajen da ke da tsohuwa a ɗaki da ɗa a nesa, ko Allah zai sa su tsallake kuskuren da muka yi.

Mu biyu muka rage wa Inna, ni da Yaya Garba. Babanmu ya daɗe da rasuwa. Yaya shi ne ɗan farinta, yana Ikko yana sana'ar albasa tun ina budurwa. Da can in zai zo gida babbar mota yake biyowa, ya kwana a hanya, ya iso a gajiye kamar wanda aka yi wa duka. Da Allah ya buɗa masa sai ya fara hawa jirgi zuwa Sakkwato, daga can ya ɗauki shatar mota zuwa Gummi. Ranar da ya fara zuwa ta sama, ya zauna a tsakar gida yana ba mu labari.

"Awa ɗaya da rabi, Rabi. Kilomita ɗari bakwai da wani abu, amma kahin ki shanye shayin da sunka ba ki an ce a shirya za a sauka. Wanda ya tashi daga nan za shi Gusau, sai in riga shi isa."

Kawu Mani, ƙanen Inna, ya ce, "To ai kai ka zama maƙwabci. Sai mu riƙa aikenka cehwane."

Aka yi dariya. Amma maganar ta zauna mana a rai. Daga ranar muka daina lissafa Yaya cikin mutanen da ke nesa.

Dole in faɗi wani abu game da Inna, don in ba shi ba za a gane sauran ba. Mace ce mai kunyar ɗan fari irin ta mutanen da. Kakarmu ce ta raini Yaya. Inna ba ta kiran sunansa, ba ta zama su yi hira, in ya durƙusa ya gaishe ta sai ta amsa tana kallon wani gefe. In zancensa ya kama dole, sai ta ce "mutumin Ikko". In ya bugo waya ba ta karɓa, ni take ce wa, "Ki ce mai lahiya lau." Haka na taso na gani, ban taɓa ɗaukar abin a bakin komai ba.

Ciwon ya fara ne da damina, sati ɗaya bayan ƙaramar Sallah. Ƙafafunta suka kumbura har takalminta ya daina shiga. Ta ce yawan zama ne. Na sayo mata man shafawa a kemis, muka bar maganar.

A sati na biyu ta fara haki. Daga ɗakinta zuwa bakin rijiya sai ta tsaya ta dafa bango. Kwanciya ta gagare ta, sai dai a jingina ta da filo biyu. Na kai ta asibitin garinmu. Mun isa da sassafe, ba mu ga likita ba sai bayan azahar, tana zaune a benci tana numfashi da baki. Ya ce jininta ya hau sosai, ya rubuta ƙwayoyi. Ta samu kwana uku na sauƙi, abin ya dawo.

Sai shawarwari suka fara shigowa tare da masu dubiya. Wata ta ce sanyi ne, a dafa mata sassaƙe. Wata ta ce kada a yarda a yi mata allura. Matar Kawu ta tuna cewa Inna ta taɓa yin wata guda a wani ƙauye wajen Bukkuyum, a shekarun da gubar dalma ta yi ɓarna, ta ce a kai ta Anka wurin masu maganin dalma. Muka ɗauki mota muka je. Aka ce mana ƙananan yara suke dubawa. Amma wani ma'aikaci da ban ko san sunansa ba ya ga yadda take haki, ya bar abin da yake yi ya saurari ƙirjinta, ya ce, "Wannan ba dalma ba ce. Kada ku koma gida ku zauna, ku kai ta Sakkwato." Allah ya saka masa da alheri duk inda yake.

Duk wannan lokacin Yaya yana bugowa safe da yamma. Kuɗi bai taɓa zame mana matsala ba, abin da aka rubuta shi yake turowa, har da na mota da na abinci. Kullum tambayarsa ɗaya ce, "Ya jikin Inna?" Amsata ma ɗaya ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi." A wurinmu haka ake yi. Ba a gaya wa wanda ke nesa gaskiyar ciwo, kada hankalinsa ya tashi, kada kuma a ce ka yi wa mara lafiya mugun baki.

A sati na uku muka tafi Sakkwato, ni da Inna da Kawu. Kwana biyu muka yi kafin a samu gado. Hoton ƙirji aka ce mu dawo jibi, da muka dawo babu wuta, aka ce gobe. Wannan ya ɓata min rai ƙwarai, har yau ban ga dalilin da zai sa tsohuwa mai haki ta yi ta hawa da sauka a banza ba. Amma a wurin ne kuma na haɗu da wata nas da take tsefe wa Inna kai in ta gama aikinta, tana kiranta Innarmu. Aka riƙa yi mata allurar da ke sa fitsari, kumburin ya fara saɓewa.

Kwana na biyar da hantsi wata ƙara ta wuce ta saman asibitin. Inna ta buɗe ido.

"Wagga ƙara fa?"

"Jirgi ne, Inna."

"Daga ina shi ke?"

"Wataƙila Abuja, wataƙila Ikko."

"Nan kusa shi ke sauka?"

Na ce, "Awo. Daga nan zuwa can ko rabin awa ba a yi."

Ta juya tana kallon taga. Can ta ce, "To, Allah shi sauke su lahiya." Ni kuwa na ci gaba da dama mata kunu.

A ranar ne babban likita ya kira ni waje. Mutum ne mai magana a hankali. Kalmominsa suna nan a kaina yadda ya faɗe su: "Zuciyar ta gaji. Muna iya rage mata kaya, amma ba mu iya mayar da ita sabuwa. In akwai wanda ya kamata ya gan ta, ya zo ya gan ta."

Na gaya wa Kawu. Ya ce, "Likitoci sun saba tsorata mutane. Ba ki ga ƙahwar ta saɓe ba? Rai hannun Allah shi ke."

Bayan la'asar Yaya ya bugo. Ina jin hayaniyar kasuwa a bayansa, yana ta ce wa wasu su yi a hankali da buhuna. Ya ce, "Rabi, in taho ne? Gobe da sahe akwai jirgi."

Na san motocin kayansa biyu suna hanya a satin. Na dubi Inna, tana zaune da kanta, ta shanye kunun duka. Na ce, "Jiki da sauƙi, Yaya. Ka bari sai Babbar Sallah ka zo gaba ɗaya."

"Kin tabbata?"

"Na tabbata."

"To. In kin ga wani canji ki buga min nan take. Awa ɗaya da rabi ce, kahin ki aje wayar na iso."

Ban gaya masa maganar likita ba. A lokacin tsakaninsa da gadonta jirgi ɗaya ne da ɗan acaɓa. Ba mu ƙara samun kusanci irin wannan ba.

Kwana goma sha biyu muka yi aka sallame mu da jakar magani. Satin farko a gida har tsakar gida take fitowa ta zauna a tabarma. Sai ta riƙa yi min wasu tambayoyi da ba ta saba ba. Ko can Ikko ana ruwa kamar nan? Ko albasa tana kuɗi bana? Rannan ta ce in sa a yi gumin shinkafa 'yar gida a ajiye, in kuma sa a samo busasshen kifi mai kyau daga bakin gulbi. Na ce, "Inna, likita ya hana ki gishiri." Ta ce, "A dai aje."

A sati na bakwai kumburin ya dawo, ya haura har ciki. Mun koma asibitin garinmu aka ƙara mata ƙwayoyi. Maganar komawa Sakkwato kuwa ta ce ba ta iya zaman mota, a bar ta a ɗakinta.

A satin ne Hajjo ta zo dubiya. Bafulatana ce daga wajen Gwashi, ƙawar Inna tun suna 'yan mata, duk ranar kasuwa a gidanmu take sauke ƙwaryarta. Ta daɗe a ɗaki suna magana ƙasa-ƙasa. Da ta fito ta same ni a madafa, ta ce, "Ke Rabi, kunnenki ƙalau?"

Na ce, "Ƙalau, Gwaggo."

"To uwarki tana ta kiran ɗanta, ke kina ta dahuwar kunu. Wa kika sani mai son kihi da shinkahwar gumi a gidan ga? Ita ce?"

Na ajiye ludayin da ke hannuna. Da Hajjo ta tafi na shiga na zauna kusa da Inna, na ce, "Inna, in ce Yaya ya zo?"

Ta ɗaure fuska. "Ya zo ya yi mi? A bar mutum ya yi nemansa. Sallah nawa ta rage?"

Na karɓi wannan amsar don ita ce ta fi min sauƙi. Na ce a raina ai na tambaya. Ban tsaya na yi tunanin cewa macen da ta shekara arba'in da shida ba ta furta sunan ɗanta ba, ba za ta buɗe baki ta ce a kira shi ba don kawai na tambaya sau ɗaya. Kuma kullum ina kwantar wa kaina hankali da lissafin nan: in abu ya yi tsanani da safe, kafin la'asar yana nan.

Ranar Alhamis ta sati na takwas, da hantsi, ina goge mata fuska da ruwan ɗumi sai ta riƙe min hannu. Leɓenta ya yi duhu, maganar tana fita a gutsure. Ta ce, "Rabi, kira min Abubakar."

Sai da na tsaya ina tunanin wane Abubakar. Ban taɓa jin sunan a bakinta ba.

Na fita da gudu na buga. Na ce, "Yaya, ka taho. Inna ta kira sunanka." Bai tambaye ni komai ba, ya ce, "Ga ni nan."

A nan ne na koyi abin da ba mu taɓa sawa a lissafi ba. Awa ɗaya da rabin nan tana farawa ne daga lokacin da jirgi ya ɗaga. Kafin nan akwai awa biyu da ya yi cikin cunkoson motoci daga kasuwa zuwa filin jirgi. Da ya isa, na Sakkwato ya tashi tun da safe, kuma ba kullum ake samun mai zuwa kai tsaye ba, wani sai Asabar. Aka ba shi shawara ya bi ta Abuja. Ya samu kujera a na yamma, aka yi ruwa mai ƙarfi, suka zauna jira. Da suka sauka Abuja babu sauran mai zuwa Sakkwato a ranar. Ya so ya ɗauki mota, Kawu ya hana shi saboda halin da hanya take ciki, ya ce ya kwana ya biyo na gobe.

Yana zaune a filin jirgin Ikko na kara wa Inna wayar a kunne. Wannan ne karo na farko da ba ta ture hannuna ba. Ban san abin da ya ce mata ba, ya daɗe yana magana. Ita dai abin da ta ce shi ne, "To. Allah shi kawo ka lahiya."

Ranar Juma'a da safe ta tambaye ni, "Ya taso?"

Na ce, "Yana Abuja, Inna. Sha biyu za su tashi."

"Abuja nesa ne?"

"Awa ɗaya a sama."

Ban ƙara mata da awa ukun da ke tsakanin Sakkwato da Gummi ba. Ta ce in gyara mata kallabi, in juya ta ta fuskanci ƙofa. Na yi. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya numfashin ya canja. Kawu ya shigo yana yi mata kalmar shahada, ta amsa sau biyu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ba a daɗe ba wayata ta yi ƙara. Kawu ya fizge ta daga hannuna ya fita zaure, amma ina jin sa. "Da sauƙi, Garba, da sauƙi. Kai dai ka taho a hankali." Da ya dawo ya ce min ba a gaya wa matafiyi mutuwa yana kan hanya. Ya ce an ɗaga tashin nasu zuwa ƙarfe biyu saura.

Mata suka yi mata wanka, aka yi sutura. Maza suka ce bayan an sauko Juma'a za a sallace ta, lokacin da jama'a suke da yawa. Na je na durƙusa gaban Kawu na ce, "Don Allah a jira shi. Ko fuskarta ya gani."

Ya ce, "Rabi, dubi gabas." Hadari ya haɗu baƙi ƙirin. "An riga an gina kabari. In ruwan ga ya sauko cika shi zai yi. Shi kuwa ko sun tashi yanzu ba shi isowa sai magariba, in ma sun tashi. Haƙƙinta ne a gaggauta."

Na ce to a gaya masa, shi ya yanke. Kawu ya miƙo min wayar. Na buga, a kashe. Na sake bugawa, a kashe. Sun tashi. Cikin wannan awa ɗayan da wayarsa take kashe aka sallaci Inna, aka ɗauke ta aka fita da ita.

Maza suna dawowa daga maƙabarta, yayyafi ya fara, sai ga kiransa. Muryarsa har da ɗan murna. "Mun sauka, Rabi. Ko awa ba mu cika ba. Ki ce mata ga ni nan." Na ce, "Allah ya kawo ka lafiya," na kashe, don ba zan iya ƙara ko kalma ba.

Ya iso ana kiran magariba. Tun daga bakin layi ya ga tabarmi a zaure da mutane zaune. Waɗanda suke wurin sun ce bai yi kuka ba, ya ajiye jakarsa a ƙasa cikin ruwa ya tsuguna, sai da aka kama shi aka shigar da shi.

Bayan sadakar uku, da mutane suka ragu, ya aiko a kira ni ɗakin Inna. Yana zaune a ƙasa, bai hau gadon ba. Ya ce, "Rabi, tambaya ɗaya zan yi maki, kuma kada ki lallashe ni. Tun yaushe ta hwara nemana?"

Bakina ya so ya ce ranar Alhamis ce kawai. Da na faɗi haka da ya samu abin riƙewa, ba kuma wanda zai ƙaryata ni. Amma na ce, "Tun muna Sakkwato." Na gaya masa abin da likita ya ce a ranar da ya tambaye ni ko ya taho, da abin da Hajjo ta ce, da yadda na yi shiru. Na ce, "Ni na hana ka ganinta, Yaya. Ka yafe min."

Ya ƙirga da yatsu, ya ce, "Sati huɗu." Ya sake cewa, "Sati huɗu. Ko da ƙahwa na taho da na iso."

Sai ya goge fuska da hular hannunsa ya ce, "Ba ke kaɗai ba ce. Rannan na ji muryarki, na san ba daidai take ba. Na tambaye ki kin tabbata ne don ina son ki ce kin tabbata. Motocina suna hanya. Ke ma ki yahe min."

Muka yafi juna a ɗakin. Yafiyar ta sa muna iya kallon juna, amma ba ta mayar mana da komai ba.

Na san kwananta ne ya ƙare, ko yana nan ko ba ya nan ranar ba za ta wuce ba. Abin da yake hannunmu shi ne su ga juna, shi muka bari ya kuɓuce. Wanda duk yake jinyar tsoho, in likita ya ce a kira na nesa, ya kira shi a ranar, ya kuma gaya masa gaskiya da kalmomin da ba za su bar shi ya zauna ba. Gara ya zo ya tarar da sauƙi ya yi maka faɗan ɓata masa kasuwa.

Wanda ya karanta wannan, ina roƙon ya sa Innarmu a addu'a. Allah ya jiƙanta, ya yalwata mata makwanci, ya haɗa ta da ɗanta a inda ba sai an aika a kira shi ba.